Wuƙar Da Ta Leƙo Bakin Tebur

Madam Séverine, mai shagon zane-zane a Lyon, ta gama magana da Armand suka sha hannu: zanensa na tukunyar jan ƙarfe da albasa da cuku shi zai hau tagar shago ranar baje kolin kaka. Shekara goma sha ɗaya tagar nan ta Clovis ce, tsohon da ya koya masa riƙe buroshi.

Ana saura kwana biyu, Armand ya dawo daga cin abincin rana ya tarar zane ya yi ƙafa.

Ya kira 'yan sanda. Sufeto Gaspard bai san kan zane ba, amma ya san ƙura. Kayan da aka zana suna nan kan tebur yadda aka jera su mako uku da suka wuce. Armand ya ce ko mai shara bai bari ta taɓa ba, don albasa ɗaya in ta gusa, inuwa ta ɓaci. Sai dai kusa da cukun akwai shatin wuƙa fes cikin ƙura, ita kuwa wuƙar tana bakin tebur, ƙotarta ta leƙo waje.

"Kai ka matsar da ita?"

"Ni? Yallaɓai, ai leƙo da wuƙa bakin tebur a zane yayin kakanninmu ne."

Da Sufeto ya je wurin Clovis, tsohon ya rantse rabonsa da ɗakin Armand tun bazara. Ya ce yana taya ɗan gwanin nasu murna, har yana yaƙe. Sufeto ya bar shi yana zuba, ya bi zane-zanen tsohon da ke bango da kallo. Kifi, zomo, inabi, burodi: kowane zane da wuƙarsa, ƙota a leƙe bakin tebur.

"Malam Clovis, ɓarawo sauri yake yi. Wane ɓarawo ne zai tsaya gyara wa mutum wuƙa?"

Sai tsohon ya saki baki.

"A kwance Armand ya bar ta kamar gawa. Shekara shida ina faɗa masa wuƙa ce ke jan ido cikin zane. Hannuna ne ya ƙi haƙura."

An sami zanen bayan kabad ɗin Clovis, an jingine shi da dabara don kada ɗanyen fentin ya gogu. Clovis ya ce har ya hura murhu zai ƙona shi, sai ya dubi ƙyallin tukunyar ya kasa. Shekara arba'in yana neman wannan ƙyallin bai samu ba.

Aka tasa ƙeyarsa zuwa caji ofis.

Armand ya sami taga, Madam ta sami cincirindon 'yan kallo. Clovis ya rasa taga, ya rasa mutunci, ya kuma yi wa almajirinsa shedar da bai taɓa yarda ya furta ba.