Ƙugiya a Kan Ki

“Ni na ƙi ne, har abada.”

Sau bakwai na karanta saƙon a fuskar kwamfutata, sau bakwai yana nan yadda yake.

Ya ƙi! Har da ƙarin “har abada”, don kada in ɗauka wasa yake!

Na ɗaga kai na hango shi can ƙarshen ɗakin labarai, wai murmushi yake min, har da ɗaga min bironsa. Wallahi ji na yi kamar in jefe shi da madannin kwamfuta.

Jan Biro kenan, mai gyaran rubutu na jaridarmu, wanda ko katin gayyata aka ba shi sai ya nemo inda waƙafi ya ɓace. Ni kuwa 'Yar Alƙaluma suke ce min. Kwamfuta na karanta, amma na nace sai aikin jarida: in tara bayanai, in rubuta manhaja ta tace su, in zaƙulo labarin da ke ɓoye a ciki. Shekara biyu muna soyayya, shekara biyu Baba yana ja.

“Mutumin da aikinsa neman kuskuren mutane tun safe har yamma?” in ji Baba. “Ranar da ya rasa a jarida, a jikinki zai nema!”

Da ƙyar Mama ta shawo kansa ya yarda su gana. Da murnata na rubuta masa daga teburina: “Baba ya ce ka zo ran Asabar. Kana nan kan bakanka, ko ka fasa?”

Amsar da na samu kenan.

“Ayya, ƙanwata...”

Turarenta ya riga muryarta isowa. Anti Talla ce, mai kula da shafin tallace-tallace, ta leƙo ta kafaɗata ta karance saƙon tas. Ta daɗe tana shawagi a teburinsa da sunan a duba mata rubutu.

“Dama na faɗa a raina! Namiji ba ya son mace mai yini da lambobi, tsoro yake kada ki lissafa masa numfashi. Ki share hawayenki, kada ma ki kula shi.”

Na bi shawararta kuwa. Ya kira na kashe, ya zo teburina na miƙe na bar masa kujera. Ita kuma ta koma kai masa shayi a fulas, tana gyara masa wuyan riga, ni ina kallo zuciyata kamar ta fashe.

Sai na huce haushina a kan aiki. Mun nemi masu karatu su turo min saƙo a kan sababbin famfunan da aka kakkafa a unguwanni, saƙo dubu goma sha biyu suka shigo. Matsalar ita ce mutane ba sa sa wa haruffa ƙugiya a waya, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Don haka tun makon da ya wuce na rubuta manhaja mai mayar da ƙugiya, na ɗora ta a kwamfutata, duk rubutun da ya shigo sai ya bi ta hannunta. Da na sa ta ƙirga saƙonnin da kalmar ƙi ta fito, sai ga dubu uku cif.

“Mutum dubu uku sun ƙi sababbin famfuna!” Edita ya buga tebur. “Shafin farko! In wannan ya fita, na ba ki sashen bayanai naki na kanki.”

Ranar Alhamis, saura awa ɗaya a tura jarida ɗab'i, sai ga Jan Biro a kaina riƙe da labarina. Takardar ta yi jawur kamar an yanka kaza a kanta.

“Malama, karanta min nan.”

Malama! Yau ni ce Malama!

“Ba na magana da masu ƙi,” na ce ina kallon bango.

“To yi magana da takarda. Karanta.”

Na fizga na karanta saƙon wata mata da na kawo misali: “Don Allah 'yar jarida ƙi zo ƙi ga famfonmu.”

“Ƙi zo ƙi ga?” ya ce. “Wace Hausa ce wannan? Ki zo ki ga, baiwar Allah take nufi. Manhajarki duk inda ta ga ki a tsaye ita kaɗai sai ta rataya mata ƙugiya. Ba ƙin famfo suka yi ba, kiranki suke ki je ki ga ko ɗigo ba ya kawowa!”

Gumi ya keto min. Da labarin nan ya fita, da aikina ya bi ruwan da famfunan suka hana.

Sai kuma wani abu ya faɗo min a rai!

Nan take na kashe manhajar, na buɗe saƙonsa na ran Litinin.

“Ni na ki ne, har abada.”

Naki... Nawa... Cewa ya yi shi nawa ne!

“Wayyo Allah na!” Na dafe kai. “Kwana uku ina kuka a banɗakin ofis saboda ƙugiya ɗaya!”

Ya sunkuyo ya karanta. Na ga fuskarsa ta canja, ya zare tabarau ya goge ya mayar.

“Wa ya raba ‘na’ da ‘ki’?” ya tambaya.

“Kai mana!”

“Ni? Naki ai a haɗe ake rubuta shi! Shekara tara ina jan kunnen mutane a kan wannan...” Muryarsa ta yi ƙasa. “Sauri na yi a lokacin, zuciyata. Murna ce ta yi min yawa.”

Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na haɗa duka biyun.

“To me ya hana ka ci gaba da bina ka tambaya?”

“Anti ta ce Baba ya fasa ganina, wai kin ce in fita harkarki.”

Muka juya tare. Anti Talla na tsaye da fulas ɗinta. Ta dube mu, ta dubi agogon da babu shi a hannunta.

“Au, ina da mai talla yana jirana a ƙasa!”

Har yau ba ta dawo ɗaukar murfin fulas ɗin ba.

Cikin minti arba'in muka sake labarin, ni ina gyara manhaja ina sake ƙirga, shi yana bin layi da bironsa. Washegari shafin farko ya ce mutum dubu uku na kiran a zo a ga busassun famfuna. Edita ya ba ni sashen, da sharaɗin duk abin da manhajata ta taɓa sai ya bi ta teburin Jan Biro. Ban yi gardama ba ko kaɗan.

Ran Asabar ya durƙusa gaban Baba a falo, ni da Mama muna laɓe bayan labule.

“An ce kai ne mai gano kuskuren kowa,” in ji Baba. “Wane babban kuskure ka taɓa kamawa?”

“Nawa ne, Baba. 'Yar tazara na bari tsakanin kalmomi, saura kaɗan ta raba ni da 'yarka.”

Da ya gama ba shi labarin, Baba ya yi dariya har da tari.

“To tunda kana ganin naka, na ba ka. Amma maimaita min amsar da baki, kada wata na'ura ta sake shiga tsakani.”

Ya juyo wajen labulen, don ya san ina nan, ya faɗa da ƙarfi har maƙwabta suka ji:

“Ni naki ne! A haɗe, ba ƙugiya!”