Akwati Sittin a Ɗakin Malam Ja'afaru

Waɗanda suka ga wannan abu duk ƙasa ta rufe su, ni kaɗai na rage, don haka a saurara.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka kawo ƙara caji ofis na Maƙarfi: an yashe siton manoman raken Gubuchi, akwatin mazarƙwaila sittin. Har an tsare Bobbo maigadi, sai kotu.

Binciken ya faɗo hannun Sufeto Inuwa, ga shi kuwa mai riƙe da siton, Malam Ja'afaru, uban matarsa ne.

Da ya isa Gubuchi ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi, ido a ƙasa. Kunya ta hana shi tambaya, sai ta bakin Kofur Lawal. Dattijon ya rantse da hannunsa ya jera sittin ɗin a ciki.

Sufeto ya zagaya bayan ɗakin. Ƙasa danƙo-danƙo, tururuwa baƙi ƙirin.

Ya koma ciki ya auna da kamu: tsawo shida, faɗi huɗu, daga daɓe zuwa azara uku. Aka kawo irin akwatin, tsawonsa kamu biyu, faɗi da tsayi ɗaiɗai. Goma sha biyu ke rufe daɓen, a ɗora hawa uku. Talatin da shida. Ya sake aunawa, yana fatan ya yi kuskure. Bai yi ba.

Ya dawo ya durƙusa. Wannan karon da bakinsa ya yi magana.

"Baba, ɗakin ba ya cin sittin."

"Ni za ka auna wa ɗaki, Inuwa?"

"Ashirin da huɗun ina suka kwana, Baba?"

Nan dattijon ya faɗi gaskiya. A gaban taron manoma ya bugi ƙirji cewa ɗakinsa zai cinye duka. Da bai ci ba, ya jibge sauran a baya ya rufe da zana, ruwan farko ya narkar da su. Ya kasa fuskantar mutane, sai ya kwashe na cikin ya ɓoye a rumbunsa, ya ƙona akwatunan da suka jiƙe, ya ɗora wa Bobbo.

Kofur ya miƙo ankwa. Sufeto ya kasa karɓa.

Malam Ja'afaru ya miƙa hannuwansa. "Sa, ɗana. Bobbo ma uban wasu ne."

Aka wuce da shi ta gaban manoman. Sufeto yana biye a baya, riƙe da butar surukinsa, bai ɗaga kai ba har Maƙarfi.