Keken Rasaki da Zanin Mama

"Auren nan an fasa!"

Mama Filomina ce ta faɗa tana tuƙa tuwo a tsakar gidanta na Gangaren Tudu, kamar tukunyar ce ta yi mata laifi. Ɗanta Boaz, direban bas ɗin Keffi zuwa Abuja, ya ƙware da ruwan da yake sha.

"Haba Mama! Saura ƙiris fa a kai kaya gidan su Keziya."

"A kai wa Rasaki mai keke-napep! Kullum da asuba shi ke ɗaukarta, da idona na gani ina dawowa daga addu'ar safe. Malamar firamare ce, makarantar ga ta nan bayan layi. Me ya haɗa ta da keke gari bai waye ba?"

Da yamma Boaz ya tare Keziya a ƙofar gidansu. Ta sunkuyar da kai.

"Alkawari na ɗauka ba zan faɗa ba. Ka yi haƙuri, masoyi."

"Masoyi? Ni ko Rasaki?"

Hawaye suka zubo mata, ta shige gida.

Boaz ya bugi ƙirji. Shi da 'yan ƙungiyar direbobin Mararaba ba su taɓa yi masa wayo ba, sai mai keke? Washegari da asuba ya sace zanin Mama ya ɗaura, ya lulluɓa da gyale, ya tsaya a kwana yana ɗingishi. Keken ya taho, ya ɗaga hannu.

"Iya, ba ma ɗaukar fasinja," in ji Rasaki.

Keziya da ke cikin keken ta dubi tsohuwar tun daga sama har ƙasa. "Ɗauke ta, Rasaki. Ai za ta yi mana amfani."

Gidan farko Keziya ta ƙwanƙwasa, ta fito da yara biyu suna murza ido. Gida na biyu, uku. Ta goge wa wannan fuska, ta ɓalla wa wancan maɓalli, ta ɗora mai majina a cinyar tsohuwa.

"Iya, riƙe mini. Iyayensu duk Abuja suke aiki, tun da duhu suke fita, yara su yi ta barci. Ga sabuwar doka: da an kaɗa ƙararrawa a kira suna, wanda ba ya nan ba ya nan. Masu duba makarantu kuma sukan faɗo ba sanarwa su ƙirga kawuna, tallafi ya bi yawan masu zuwa. In muka yi ƙasa, haɗe mu za a yi da wata makaranta can nesa."

Tsohuwa ta yi tari. Gumi ya fara keto mata.

Gidan ƙarshe da suka tsaya, Boaz ya ƙara jan gyale ya rufe fuska. Gidan yayarsa Vera ne, wadda ta rantse wa Mama cewa kullum ita ke kai 'yarta makaranta kafin ta tafi sharar ofis a Abuja. Keziya ta fito da Lea ƙarama, tana ɗaure mata takalmi. Yarinyar ta leƙa cikin gyale.

"Laa! Kawu Boaz, me ya sa ka ɗaura zanin Kaka?"

Rasaki ya kwanta a kan kan keke yana dariya har da buga hon.

"Tun a kwana na gane ka," in ji Keziya. "Wace tsohuwa ce ke warin man dizal? Anti Vera ce ta roƙe ni kada Mama ta ji."

"Sori, Keziya... wallahi sori!"

"Riƙe yaron da kyau, Iya. Mun makara."

Da labari ya kai wa Mama Filomina, nan take ta miƙe tsaye. Sannan ta yafa gyalen nan, ta taka har gidan su Keziya, ta kama hannunta tana kuka.

"'Yata, jikata kike tasa ni kuma ina zaginki! Ki yafe mini."

An ɗaura aure a coci, Rasaki ne ya ɗauko amarya. Yanzu Mama ce ke tasa yaran layinsu da asuba, da tsintsiya a hannu, ba mai ƙara minti.

'Yan uwa, ido yana ganin wanda ya hau keke, amma ba ya ganin inda za shi. Kafin ka yanke wa masoyi hukunci, ka tambaya, ka jira. Keziya ta yi haƙuri ta riƙe amana, ta samu miji da uwa. Shi kuwa Boaz, har yau a tasha "Iya" suke kiransa.