Farin Gemu a Gaban Babura

"Wa ya aike ka? Don Allah Mas'ud, wa ya aike ka ka yi wa Baba maganar babur ɗin nan?"

Shafa'atu ta dire kofin ruwan da ta kawo masa a kan tabarmar zaure, har sai da ruwan ya fantsama. Mas'ud ya sunkuyar da kai yana juya hularsa a hannu, shi da duk Ƙanƙara ta sani da surutu.

"Ranki ya daɗe, ni hwa alheri na nuhwa. Al'adar ƙungiya ce. In ɗan'uwa ya rasu, babur ɗinshi ka ɗaukar buhun farko, ladan ya isa gare shi..."

"To ga ladan nan ka ja mana! Ya ce ka zaɓa, ko ƙungiya ko ni."

"Na ji shi."

"To mi ka zaɓa?"

Ya ci gaba da juya hular, abin da ya fi mata zagi ciwo.

Duk shekara idan aka gama kaka, kafin kowa ya watse neman kuɗin rani, samarin ƙungiyar masu babur sukan rufe shekararsu da tafiya guda. Su bi gida-gida su tara gero da dawa da masara, su ɗaure a bayan babura, su ɗauki hanya daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa suna sauke wa marayu da matan da aka bari da 'ya'ya. Yayanta Abdulgafar ne ya ƙirƙiro abin. Shekara biyu ke nan da mota ta buge shi a hanyar Ketare ya rasu, kuma tun ranar mahaifinsu Malam Badamasi ya tura jan babur ɗin marigayin ɗakin ajiya ya rufe. Ko ƙarar inji ya ji a ƙofar gida sai ya ɗaure fuska. Da ƙyar ya amince Mas'ud ya riƙa zuwa zance, ga shi yanzu ya ɓallo ruwa.

"Shafa, ki dube ni," in ji Mas'ud a hankali. "Wallahi ba ni da wata bayan ke. Amma gobe ni ne jagora. Mutane sun ba da hatsinsu, wasu can sun ɗora tukunya a ransu suna jira. In na zame, da wane ido zan dube ki?"

"Ka bar ma wani mana!"

"Wa? Ga Malam Harisu ma da ke shige mana gaba ƙafa ta kwantar da shi. Bana haka nan za mu tahi, babu dattijo."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta shige gida hawaye na zuba, tana jin haushinsa, tana kuma jin sonsa ya ƙaru, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan.

Kakarta Dada tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ɗago ta kalle ta sama da ƙasa.

"Ke kuma mi aka yi? Kin kore mani mijina?"

"Dada ki bar ni."

"Na bar ki. Amma in kin gaji da shi ki hwaɗa mani, har yanzu ina da sauran kwalli."

Shafa'atu ta yi dariya ba ta shirya ba, dariyar ta koma kuka, ta kifa kai a cinyar tsohuwar. Dada ta shafa mata baya.

Da safe ta ɗauki koko da ƙosai ta nufi turakar Baba, ba ta same shi ba. Ƙofar ɗakin ajiya ta gani a buɗe. Yana tsugune da tsumma a hannu yana goge tankin jan babur ɗin, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Ashe haka yake yi ba wanda ya sani. Tausayinsa ya cika ta.

"Ina kwana, Baba."

Ya yi saurin jefar da tsumman. "Lahiya lau. Aje nan."

Ta ajiye, amma ta kasa tafiya.

"Baba... ni duk abin da ka yanke na bi. Ko Mas'ud, ko ba Mas'ud ba, ba zan saɓa maka ba." Muryarta ta karye. "Addu'a kawai nike roƙo ka yi masu. Malam Harisu ba shi da lahiya, bana su kaɗai za su tahi."

Malam Badamasi ya miƙe tsaye.

"Su kaɗai? Ba dattijo a gaba?"

"Haka ya ce."

"Yaran nan sun yi hauka?!"

Ita kanta ta san abin da ya tayar masa da hankali. A wannan yanki, a 'yan shekarun nan, idan mutanen ƙauye suka ji rugugin babura da yawa ba sa tsayawa tambaya. Mata su suri yara su yi daji, maza su ɗauko abin da ke hannu. Shi ya sa ƙungiyar take ɗaura farin ƙyalle a kowane madubi, ta aika wa masu unguwanni tun da wuri, sannan ta sa dattijon da kowa ya san fuskarsa a babur na farko. Shi kuwa Malam Badamasi ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana awon hatsi a kasuwannin nan, babu ƙauyen da ba a san gemunsa ba.

"Saƙo ba ya isa ga kowa!" Ya shiga faɗa shi kaɗai yana neman takalmansa. "Mai noma can cikin gona wa ya gaya mashi? Haka kawai a je a jawo ma ɗiyan mutane wata masifa! Miƙo mani babbar rigata. Fara!"

Ya turo babur ɗin da kansa har ƙofar gida, yana haki, ya hana kowa taɓawa. Dada ta fito tana ɗingishi, ta cusa wa Shafa'atu ƙullin maganin hawan jininsa da gorar ruwa.

"Bi shi, shashasha. Ga motar mata can masu rabon zannuwa. In ya tambaya ki ce ni na aike ki."

A filin da ƙungiyar ta taru, babura sun yi layi, kowanne da buhunsa da farin ƙyalle. Ganin jan babur ɗin sai hayaniya ta ɗauke ɗif. Wasu samarin suka cire huluna. Mas'ud ya taho da sauri ya durƙusa.

"Baba..."

"Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Kak ka ɗauka na sauko, maganata tana nan. Hau ka ja. In ka yi mani gudu, wallahi a hanya zan sauka."

Aka zuba mai, aka ɗaura ƙaramin buhun gero a baya. Injin ya yi tari, ya sake tari, sannan ya kama. Shafa'atu ta ga Baba ya runtse ido da jin muryar da ya shekara biyu bai ji ba. Ya hau bayan Mas'ud ya zauna a sandare, ya riƙe ƙarfen baya don kada jikinsu ya haɗu.

Daga bayan a-kori-kurar matan take hango su. Farar riga tana kaɗawa a gaba, ayari na biye a hankali, karan dawa a tsaye dama da hagu. A Faskari aka sauke, a Daudawa aka sauke, tana jin matan da ke gefenta suna tsokanarta wai idonta zai faɗo kan titi.

Sai a wani ɗan ƙauye gaba da Ruwan Godiya abin ya so ya ɓaci. Tun daga nesa suka ga mata na gudu da goyo, wani ya tsaya a bakin hanya da gora a ɗage, wasu na fitowa daga bayan rumbuna.

Baba ya dafa kafaɗar Mas'ud ya miƙe tsaye a kan matakan babur ɗin, gemunsa fari fat a rana.

"Kai Yahuza! Ni za ka buga? Aje sandar nan, ɗan nema!"

Mutumin ya ƙura ido, sai ya saki gorar. "La ilaha illallahu! Malam Badamasi ne! Ku dawo, baƙin alheri ne!"

Aka dawo ana dariyar kunya. Ana cikin sauke buhuna wata tsohuwa ta matso ta shafa tankin jan babur ɗin.

"Na gane shi. Ina yaron nan mai dariya, wanda ya ɗauke mani buhu har cikin ɗaki? Bara ban gan shi ba."

Baba ne ya kwance buhun geron da hannunsa, ya ajiye a gabanta.

"Ɗana ne, Inna. Ya riga mu gidan gaskiya. Wanga nashi ne, ki sa shi a addu'a."

Daga nan har Sabuwa Shafa'atu ba ta ƙara ganin fuskar mahaifinta ba. Ya saki ƙarfen baya, ya zagaye Mas'ud da hannu biyu, ya kifa goshi a bayansa. Mas'ud kuwa ya ƙara rage gudu, duk ayarin ya rage tare da shi.

Da suka tsaya sallar La'asar a Sabuwa ta sauko da magani da ruwa. Bayan rigar Mas'ud ya jiƙe sharkaf tsakanin kafaɗu. Ta kalli rigar, ta kalle shi.

"Zufa ce," ya ce da sauri, da ƙarfi yadda na kusa za su ji. "Yau rana ta yi zahi."

Baba ya karɓi maganin ya haɗiye, idanunsa jajur. Ya daɗe yana kallon yaron da ya rufa masa asiri a gaban mutane.

"Mas'ud."

"Na'am, Baba."

"Tuƙinka ba laihi." Ya gyara murya. "Ka ce ma manyanka su zo ranar Juma'a. Na ba ka ita. Ka riƙe mani ita yadda ka riƙo ni yau."

Mas'ud ya zube a ƙasa. Shafa'atu ta ja mayafi ta rufe fuska, kunya da daɗi da kewar yayanta duk suka taru suka zubo mata lokaci guda.

"To, kukan ya isa haka," in ji Baba, yana share nasa da hannun riga. "Ku ba ni buta, lokacin salla na wucewa."