Da Kin Ce In Biyo Ki

Ranar da Tõnis ya fara ganin Adeele, katako ya kai zauren da 'yan wasan kwaikwayo ke gwaji a garin Viljandi. Ya tarar da budurwa durƙushe a dandali tana kuka kamar ranta zai fita. Ya yar da katakon ya haura da gudu.

"Baiwar Allah, wa ya taɓa ki?"

Zauren ya kwashe da dariya. Ta share hawaye ta ce, "Mijina ne ya mutu, amma anjima zai tashi mu sake gwadawa. Sauka, malam manomi, takalminka duk taɓo."

Bai sauka daga zuciyarta ba. Duk ranar kasuwa sai ya zo mata da baƙin burodi da zuma daga gonarsu. Yana kiranta Zinariya, ita kuma ta ce da shi Sarkin Taɓo.

Da ya kawo maganar aurenta, mahaifiyarsa, Inna Kadri, ta ce sam. "Matar da ke shafa fenti tana rungumar mazan mutane a gaban gari? Wa zai tatsi shanun? Mahaifinka na kwance, gonar nan kai kaɗai gare ta."

Ana cikin haka babban gidan wasa na birnin Tallinn ya nemi Adeele. Tõnis ya raka ta tashar jirgin ƙasa, ƙanƙara na zuba.

"To, Zinariya, Allah ya ba da sa'a."

"Iyakar abin da za ka ce ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. Jirgi ya tashi.

Ba a jima ba jaridu suka fara haɗa sunanta da Rudolf, abokin wasanta, har ana cewa sun yi baiko. Ƙarya ce, amma Tõnis ya gaskata, ya daina rubuto mata. Ita kuwa ta ɗauka ya samu 'yar manoma. Girman kai ya hana kowa tambaya.

Adeele ta yi suna. Aka yi yaƙi, ƙasa ta samu 'yanci, tana kan dandali. Sai ciwon maƙogwaro ya dusashe mata murya, ta koma shirya wasanni da horar da matasa. Ta fi shekara ashirin ba ta taka Viljandi ba, sai da ƙungiyarta ta shirya rangadi zuwa can. Ta daɗe tana jinjinawa kafin ta aika wa Tõnis wayar tangaraho: "Ina zuwa Asabar. In kana da iyali, kawo su."

Ya zo shi kaɗai, kansa fari fat.

"Ina uwargidan?" ta tambaya da muryarta da ta shaƙe.

"Babu. Ina Rudolf?"

"Rudolf? 'Ya'yansa biyar da wata mai ɗinki."

Tõnis ya zauna a kan akwatin kayan wasa, ya ce:

"Da kin ce in biyo ki ranar nan, da na bi."

"Da ka ce in zauna, da ban zauna ba," in ji ta, idonta ya cika. "Amma da na dawo, Tõnis. Wallahi da na dawo."

Aka ɗaura aurensu a ƙaramin cocin ƙauyen, lokacin girbin hatsi. 'Yan wasanta suka yi waƙa, maƙwabta suka kawo giya da nama. Wani ya fara yi musu fatan haihuwa, sai ya haɗiye maganarsa.

Inna Kadri ta makance, a kujera aka ɗauko ta. Ta lalubo hannun amarya ta riƙe.

"Ni na cinye muku ƙuruciyarku, 'yata."

"Mu ma da laifinmu, Inna."

"To abin da ya rage, Allah ya sa masa albarka. Ya hana ku yin shiru da juna."

Tõnis ya ce amin, bai saki hannun matarsa ba.