Shekarar da Kwaɗin Tafki Suka Yi Shiru

A faɗar Badaru, tun da aka sari ƙasar Makoda ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunce shi ran Talatar nan ba. Fari ya cinye gero shekara biyu a jere, bai ce uffan ba. Amma a ce mutum kamarsa, mai gashin bakin da ake leƙe ta kan danga, yana zaune a tsakar gidansa da almuru, a jefo masa curin laka a ka, hularsa ta faɗa cikin miyar kuka! Ya miƙe yana rantsuwar sai hakimi ya ji wannan magana.

Matarsa Hure ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki curin ta shinshina. Ɗanyar lakar tafki ce, tana warin ƙonanniyar roba. Da warin ya isa hancin Badaru, sai ya koma ya zauna.

Tafkin nan shi ne abin da ya rage wa ƙauyen. Bisa al'ada ba mai taɓa kifinsa sai ranar su, ranar kamun kifin gari, a shiga gaba ɗaya, a raba gida gida. Saura kwana goma a yi su aka wayi gari tarwaɗa sun juya ciki sama, kwaɗi sun sandare a bakin ruwa. Badaru ne ya fara cewa ai Inna Maijidda mai daddawa ce ta kashe su da wankin kalwarta. Aka kori tsohuwar daga bakin tafki, aka daina sayen daddawarta.

Jifa bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja, sai laka ta riƙa sauka a kan rufin ɗaki, tim, tim, ba a ganin hannu. Rana ta huɗu 'yarsu Sakinatu ta daina cin abinci. Ta zauna gindin randa, hannunta cikin ruwa, tana buɗe baki tana rufewa kamar kifin da aka jefar a tudu.

Aka ɗauko Malam Gana daga Tsanyawa, dattijon da aljanu ke jin maganarsa. Bayan la'asar ya zauna gabanta yana karatu a hankali. Gidan ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Can yarinyar ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta, a dishe, kamar ta wadda ta gaji da kuka.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Makiyayiya ce ni, Malam. Ku kuna da awaki, ni ina da kifi. Ina da su a da."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Gaiwata tana kwana cikin laka tun kakan maigidan nan yana goye. Fari bakwai ta ƙetare. Na tashe ta, ba ta tashi ba. Da ganyen magimfa aka zuba, da na yi shiru. Kakanninku sun zuba, kifi ya bugu, ruwa ya washe. Wannan ba ya washewa. Har ƙwan da ba a ƙyanƙyashe ba ya ruɓe."

Badaru ya san abin da take nufi. Wani direba ne ya ba shi jarka ɗaya ta man da ake tausasa roba da shi a wata masana'anta a Kano, ya ce ko ɓera ba ya kusantarsa. Badaru ya ɗauka magimfar birni ce: ya zuba, kifi ya bugu, ya kwashe kafin ranar su, ya yi wa gari dariya. Ko ɗaya bai ciwu ba, don wari.

Malam ya ce, "Yarinyar nan ba ta yi miki komai ba."

"'Yan kwaɗina me suka yi? Zan tafi neman wani ruwa, ba na son tafiya ni kaɗai."

"A yanka miki rago."

"In shayar da shi a ina?" Sannan ta ce, "Wanda ya zuba ya faɗa da bakinsa a bakin tafki, gaban tsohuwar da aka ɗora wa laifi. In rana ta faɗi bai faɗa ba, da yarinyar nan zan tafi."

Hure ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi 'yarsa, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ya fita ba hula.

Mutane suka taru, aka riƙo hannun Inna Maijidda. Rana saura ƙiris ta faɗa bayan ɗorawa. Badaru, wanda bakinsa bai taɓa mutuwa a kasuwa ba, ya yi ta neman murya.

"Inna, ki yafe mini. Ba kalwarki ba ce. Ni na zuba."

Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, ni mai sauƙi ce. Su kuwa, wa zai nema maka gafararsu?" Ta nuna ruwan.

A gida Sakinatu ta yi atishawa, ta dubi Hure ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Damina ta dawo a shekarar, tafki ya cika fal, amma ko kwaɗo ɗaya bai yi kuka ba. Har yau Badaru yakan fara labarin zaluncin da aka yi wa hularsa, yana murza gashin baki. Sai magariba ta sauko, shirun tafkin ya iso har ƙofar gida. Nan yake sunkuyar da kai ya ce, "Ku bar batun hula. Lakar nan, ni na jefi kaina da ita."