Kiɗan Da Bai Taɓa Jin Ƙarshensa Ba

A kan kujerar cire haƙori suka fara haɗuwa, kuma gaskiya ba irin haɗuwar da namiji zai so a riƙa ba da labarinta ba ce. Mai Burodi, ƙato guda da shi, mai ɗaga buhun fulawa da hannu ɗaya, yana ganin allura ya damƙe hannun nas ɗin da ke gefensa, ya runtse ido, gumi na keto masa.

Nas ɗin ta danne dariyarta. Ta ciro abin sauraro daga aljihu ta maƙala masa a kunne. Wani kiɗan piyano ne mai sanyi, irin tsofaffin kiɗan nan na Turawa da babu waƙa a cikinsu. Bai san lokacin da Likita ya gama aikinsa ba.

Da zai fita, kunya ta hana shi ɗaga ido. Yana kallon ƙasa ya tambaye ta sunan kiɗan, ita kuma ta ce ya bar lambarsa za ta turo masa. Daga ranar kullum da rana, lokacin da yake tashi daga aiki, sai saƙo ya shigo.

"Matsoracina, ga na yau. Piyano ne shi kaɗai, kamar ruwa na ɗiga daga indararo. Ka rufe ƙofa, ka miƙe ƙafa, kada ka taɓa komai."

Washegari kuma: "Yau goge ne, babban nan mai muryar dattijo. Idan ranka ya ɓaci shi za ka nema."

Shi kuma ya amsa: "Sanyin idona, na ji. Ya yi daɗi ƙwarai, musamman ƙarshen."

To, a nan matsalar take. Bawan Allah bai taɓa jin ƙarshen ko ɗaya ba. Tun kafin asuba yake tsaye a bakin tanda, kuma tun rasuwar mahaifiyarsa barcin rana ya ƙaurace masa, sai dai ya yi ta juyi a katifa. Amma da zarar ya kunna abin da ta turo, kafin kiɗan ya je ko'ina ya yi nisa. Abin ya yi masa rana, amma yana jin nauyin faɗa mata. Mahaifinta malamin kiɗa ne da ya yi ritaya, a cikin waɗannan kiɗan ta tashi, tana zancensu kamar 'yan gidansu. Ya zai ce mata maganin barci ya mayar da su? Tsoronsa ɗaya, kada ta sani ta raina shi ya rasa ta.

Soyayya dai ta yi ƙarfi har maganar ta kai gida. Abbanta ya ce sam. Ba burodin ya raina ba, shi dai ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da kunnen kiɗa ba, balle ga shi Likita, wanda ya cire wancan haƙorin, ya daɗe yana sintiri a gidan neman aurenta kuma yana iya zano tarihin kowane faifai. Ta yi ta rantsuwa cewa nata ma yana da kunne, kullum sai ya yaba mata ƙarshen abin da ta tura.

Don ta ƙara samun hujja, ta tura masa wanda ta fi so duk duniya. "Zuciyata, wannan da goge ɗaya yake farawa. Ka faɗa min yadda ka ji ƙarshensa, zan nuna wa Abba."

Ya wanke fuska, ya zauna a kujerar katako don kada ya ji daɗin zama. Duk da haka kiran sallar la'asar ne ya tashe shi. Ya yi ta kallon wayar, sannan ya rubuta: "Ya ƙare a hankali, kamar numfashin jariri."

Amsa ba ta jima ba. "Da ganguna da ƙahonni yake ƙarewa, har taga na rawa. Ashe ba ka ma buɗe su. Na nuna wa Abba kafin na karanta. Na gode."

Daga nan waya ta yi shiru. Ya kira ba ta ɗaga ba. Burodinsa ya fara ƙonewa, har yayarsa ta ritsa shi ta ji komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce masa kunyar da yake gudu ai ta riga ta same shi, saura ya sa riga mai kyau ya je ya karɓi kunyar tasa a gaban mutane.

Da yamma ya yi sallama a gidan Abbanta. Ya tarar da Likita a falo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Abba ya amsa gaisuwarsa a daƙile, ya nuna masa kujera mai laushi, tun kafin Mai Burodi ya buɗe baki ya ce masa a gidan nan sai an saurara ake magana. Ya goge wani faifai da gefen rigarsa ya ɗora. Goge ɗaya ya fara kuka a hankali.

Mai Burodi ya gane kiɗan nan take. Ya mintsini cinyarsa. Ya cije leɓe. Ya ƙura wa agogon bango ido. Likita kuwa tuni ya fara bayanin shekarar da aka tsara kiɗan da abin da mai shi yake nufi.

Da ya farka, falon shiru, Likita ya tafi. An cire masa hula an ajiye a kan tebur, ga yawu ya jiƙa matashin kujerar Abba. A bakin ƙofa masoyiyar tasa na tsaye ta toshe baki da mayafi. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zamo daga kujera ya durƙusa.

"Baba, a gafarce ni. Wallahi kullum ina buɗewa. Tun da mahaifiyata ta rasu ban samu barcin kirki ba sai da ta fara turo min su. Kunya ce ta sa na yi ƙarya."

Abba ya ce ƙaryar ce ta ɓata masa rai, kada ya sake. Sannan ya ce Likita ya yi ta koya masa kiɗan da shi Abban ya koyar tun kafin a haifi Likitan, bai bar shi ya ji ko rabi ba.

"Kai kuwa, ɗana, ka yi min shiru. In ban da munsharin." Ya nuna ƙofar kicin da haɓa. "Uwarta ma tun da na aure ta ba ta taɓa kaiwa ƙarshe ba."

Daga ciki Umma ta ce ita ai ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Da ta rako shi ƙofa, idonta ya ciko. Ta ce ta ɗauka bai damu da abin da take so ba ne, kuma ita ma ta ji kunyar yanke masa hukunci ba ta tambaya ba.

"Da ka faɗa min, Matsoracina. Ai don ka huta nake turowa."

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Abba ya sa musu albarka, ya ba su faifan nan da na'urarsa, ya yi addu'ar Allah ya sa gidansu ya zama inda ake samun barci da kwanciyar hankali. Jama'a suka amsa da amin.

Ranar farko da ya dawo daga aiki ya same ta a ɗakinta, ta ɗora faifan, ya kwantar da kai a cinyarta. Kamar kullum, goge bai yi nisa ba ya tafi. Ta bar shi, tana yi masa fifita. Sai da kiɗan ya kusa ƙarewa ta sunkuya ta taɓa kafaɗarsa.

"Tashi, angona. Ga ƙarshen nan."

Ya buɗe ido daidai lokacin da ganguna da ƙahonni suka ɓarke gaba ɗaya, taga na rawa. Ya zabura ya damƙe hannunta, kamar dai ranar allura. Wannan karon ta yi dariyarta son ranta, shi kuma bai saki hannun ba.